Tambaya da Amsa: Zan iya haɗa Windows da Ubuntu a laftof ɗin gidanmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibi ne ina karanta kimiyyar kwamfuta, malaminmu ya ce dole kowa ya saba da Linux kafin zangon nan ya ƙare, to ni ba ni da laftof tawa sai ta gida, ta hannu ce Baba ya saya, Windows 10 ce a kai, a ciki yake lissafin shago, Yaya kuma tana rubuta firojet ɗinta, ga hotunan bikin gidanmu duk a ciki. Wani abokina ya ce in raba faifan ajiyar kwamfutar gida biyu in sa Ubuntu, wato wani nau'in Linux, a gefe, wai ko minti talatin ba za a yi ba. Akwai matsala? Daga wani ɗalibi, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Abokinka bai yi ƙarya ba, ana yi kuma yana aiki, amma da laftof ɗinka ce kai kaɗai da na ce bismillah, in ta lalace ma karatu ne. Wannan kuwa akwai lissafin Baba da firojet ɗin Yaya a ciki, shi ya sa nake ce maka ka dakata tukuna.

Babban haɗarin yana ranar farko, lokacin raba faifai. Windows ta riga ta mamaye wurin gaba ɗaya, sai an matse ta an samar wa Ubuntu fili, aƙalla giga 25, kuma in ana cikin matsewar aka ɗauke wuta alhali batirin ba ya riƙe caji, wanda ka san halin laftof ta hannu, to teburin da ke nuna inda kowane fayil yake zai iya birkicewa, fayilolin suna nan amma kwamfuta ba ta san hanyarsu ba. Sannan a wajen sa Ubuntu akwai zaɓi mai cewa "Erase disk and install Ubuntu", kusa da wanda kake nema yake, wanda ya danna shi cikin gaggawa ya share komai, Windows da hotuna da lissafi. Masu gyara wani lokaci suna iya ceto wani abu, da kuɗi, kuma ba tabbas.

Kafin ma ka kai nan ka duba ko BitLocker a kunne yake. Shi ne ke kulle faifan Windows, in ya ga an taɓa tsarin tashin kwamfuta sai ya tsaya a shuɗin allo ya ce a ba shi mabuɗi mai lamba 48. Mabuɗin yawanci yana cikin asusun Microsoft na wanda ya saita na'urar, to in mai shagon da aka saya ne ya saita fa? Ba mabuɗi ba shiga, kuma wannan kam ko gwanin kasuwa ba zai fasa maka ba. Ka nemo shi ka rubuta a takarda tun yanzu ko da ba za ka sa Linux ba.

To a ce an gama lafiya. Yanzu manhajojin biyu kamar 'yan haya biyu ne a gida mai zaure ɗaya, kowa da ɗakinsa amma ta ƙofa ɗaya ake shiga. Wannan ƙofar ɗan ƙaramin yanki ne a faifai, ana ce masa EFI, sau da yawa mega 100 ne kawai in Windows ce ta yanka shi, a nan Ubuntu take ajiye GRUB, wato allon da ke tambayarka wacce za ka shiga. Wani babban afdet na Windows ko na BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da na'urar, yakan maido Windows gaba, ka kunna ka ga Ubuntu ta ɓace, ba ta ɓace ba, hanyar ce aka rufe. Akasin haka ya fi zafi: ka gaji da Ubuntu ka goge yankinta daga cikin Windows, da safe Baba ya kunna ya tarar da baƙin allo da ɗan rubutun grub yana jiransa, ga kwastoma a tsaye. Kuma kar ka ɗauka sai marasa sani abin ke samu, a watan Agustan 2024 Microsoft ta fitar da afdet na tsaro don toshe tsofaffin GRUB masu rauni, ta ce ba zai taɓa masu manhaja biyu ba, amma ya taɓa wasu, Linux ɗinsu ta ƙi tashi sai da suka kashe Secure Boot, wato tsaron da ke tantance manhajar da za ta tashi, cikakken gyaran sai a watan Mayun 2025 ya fito.

Wanda ya fi damuna shi ne Fast Startup, saboda shi a ɓoye yake ɓarna. Tun daga Windows 8 in ka danna kashewa Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana ajiye halin da take ciki ne don ta tashi da sauri, kuma tana ɗauka ba wanda zai taɓa faifanta kafin ta dawo. Kai kuma ka shiga Ubuntu ka buɗe foldar Yaya. Yawanci Ubuntu za ta bar ka ka karanta kawai ta hana ka rubutu, sai mutum ya je intanet ya samo dabarar tilasta ta, daga nan fayil ke lalacewa ko ya ɓace in Windows ta farka. Sai an shiga saitin wuta na Windows an kashe Fast Startup ɗin. Ka kuma sani Ubuntu tana ganin fayilolin Windows in ba a kulle faifan ba, ba ruwanta da fasawod ɗin Baba, ita kuwa Windows ba ta karanta yankin Linux, wani lokaci ma sai ta ce maka a yi masa fomatin, wato a share shi, wani a gida ya danna to.

Ga kuma data, manhaja biyu afdet biyu, wadda aka jima ba a shiga ba ita ke zama baya a tsaro. Ita kanta Windows 10 Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoban 2025, wannan ma magana ce da ya kamata ku yi da Baba.

Ni shawarata, tunda koyo ne ya kawo ka, ka samu filash mai giga 8 ko sama ka sa Ubuntu a kai da manhajar Rufus ko Ventoy, ka tashi kwamfutar daga filash ka zaɓi gwaji, ba ya taɓa faifan gida sai in kai ka taɓa. In umarnin baƙin allo malaminku yake so ku iya, WSL ya ishe ka, Linux ce a cikin Windows, Microsoft ce da kanta ta yi. In RAM ya kai giga 8 ga VirtualBox kyauta, manhajar da ke ba ka damar kunna Ubuntu a cikin Windows ba tare da raba faifai ba. In ka nace sai an raba, to ka fara kwafe komai zuwa wani faifan waje, ka buɗe fayilolin a wata kwamfuta ka tabbata sun kwafu, ka nemi izinin Baba, ka bari Yaya ta miƙa firojet, sannan a yi inda akwai sola ko inbata.

Tambaya: Malam ni na riga na haɗa su, komai lafiya, sai dai duk sanda na fito daga Linux na koma Windows agogo sai ya koma baya da awa ɗaya cur. Batirin ciki ne ya mutu? Daga wata mai karatu, Maraɗi.

Amsa: Hajiya batirinki lafiyarsa ƙalau. Agogo ɗaya ne a cikin na'urar, Linux tana saita shi a kan lokacin duniya na UTC sai ta ƙara awar ƙasarku da kanta, Windows kuma tana ɗaukar abin da ta tarar a matsayin lokacin gida. Nijar da Najeriya suna gaban UTC da awa 1, ga awarki da ke ɓacewa, 'yan uwanmu na Kumasi ba sa ganin wannan don Ghana a kan UTC ɗin take. Ki buɗe tamina, wato baƙin allon rubuta umarni, a Linux ki rubuta sudo timedatectl set-local-rtc 1, zai yi miki ɗan gargaɗi, kar ki damu tunda ba ma canza agogo rani da damina, sai ki koma Windows ki gyara lokacin sau ɗaya.