Amsa ga mai tambaya kan Helios da hoton titi irin na da

Malam, ka ce kana da kyamarar Sony a6000, kana son hotunan titi su riƙa fitowa kamar na zamanin fim, shi ne kake tambaya ko ka sayi lensin Helios 44-2. Shekara shida ke nan ina amfani da shi. Ka saya, amma ba shi za ka fara fita da shi cikin gari ba.

Helios 44-2 ƙirar Tarayyar Soviet ne, 58mm f/2, an kwaikwayi lensin Biotar na kamfanin Zeiss. Abin da ya sa aka san shi shi ne yadda abin da ke bayan mutum a hoto yake murɗewa kamar guguwa in ka buɗe ƙofar haskensa gaba ɗaya, wato f/2. To amma sensar kyamararka, wato inda hoto ke sauka a cikinta, ƙarama ce, lissafin ninki ɗaya da rabi ake yi, sai 58 ɗin ya koma kamar 87, wato faɗin abin da yake ɗauka ya ragu. Kuma murɗewar nan a gefe-gefe ta fi fitowa, gefen da sensarka ke yankewa. Ranar da na fara shiga lungunan Kurmi da shi, sai da bayana ya manne da bango ina neman mai dukan fata ya shiga hoto, ban samu ba sai kansa da kafaɗa.

Don titi, nemi lensi 28mm da ya fi ɗaukar faɗi, ko Takumar na Pentax ko Canon FD. Ka sa f/8, ka juya fokas zuwa mita 5, ka bar shi. Duk abin da ke tsakanin mita biyu da rabi zuwa can nesa zai fito tas, ba ka tsaya murɗa-murɗa ba har mai kura ya wuce. Adaftar haɗa lensi da kyamara kuwa ba matsala: Helios bakinsa M42 ne mai zare, kyamara marar madubi irin taka tana karɓar M42 da FD duka ba tare da ƙarin gilashi ba. Masu Nikon mai madubi ne ke shan wahalar M42, nesa ba ta fitowa sarai.

Kamannin da ɗin da kake nema daga shafen gilashi yake zuwa. Tsofaffin shafensu bai kai na yanzu ba, in rana ta bugo su sai haske ya fantsama, baƙi ya dusashe, launi ya yi laushi. Saboda haka ka cire hular lensin mai tare hasken rana, ka sa rana a gefen gabanka bayan la'asar. A hunturu ma hazo ya yi maka rabin aikin. Da tsakar rana kuwa ko wane lensi ka ɗaura, hoton waya za ka dawo da shi. Ka kuma lura da abin da ya shigo hoton: allon POS guda ɗaya ya isa ya tona asiri.

Wajen saye, ka haska fitilar waya ta ciki. Ƙura ba komai, amma in ka ga fumfuna kamar saƙar gizo-gizo, ajiye musu kayansu. Na taɓa ɗaukar ɗaya don arha, damina ɗaya ta ƙarasa shi. Super-Takumar 50mm f/1.4 da ya yi ruwan ɗorawa ba lalacewa ya yi ba, sinadarin toriyam da ke gilashin ne, hasken rana yana wanke shi. Ni ban wanke nawa ba, launin nake so.

Kuma ka yi sallama kafin ka ɗaga kyamara, musamman inda mata suke.