Amsar Yayanmu kan haɗa GitHub da agogon lissafin awa

Ga muryar da Yayanmu ya turo jiya da daddare, na rubuto ta saboda waɗanda datarsu ba za ta kai su saurara ba.

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da dare, ya sanyin Jos? Ƙanena, na ji tambayarka. Ka ce ku uku ne a ɗan ofishinku na wajen Terminus, kuna gina wa wani kamfani na Abuja manhaja, kuma da awa suke biya. Kana so ka haɗa GitHub, shafin da kuke ajiye kod ɗin manhajar, da Clockify, agogon lissafin awar aiki, yadda duk wanda ya yi komit, wato ya ajiye canjin da ya yi a kod, lokacin da ya ci a kan aikin zai shiga lissafi da kansa, ku huta da cike takardar awa duk Juma'a. To, haɗin yana yiwuwa, kuma zan gaya maka hanya. Amma batun auna lokaci da komit, don Allah ka cire shi daga ranka tun yanzu.

Komit bai san yaushe ka fara aiki ba. Abin da Git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen kod, yake rubutawa kawai shi ne lokacin da ka ajiye. Yaro zai wuni tun hantsi har la'asar yana farautar kuskure a kod, ƙarshe ya gano harafi ɗaya ne, ya gyara layi ɗaya, ya yi komit ɗaya. Wani kuwa cikin minti 20 ya canza launin maɓallai ya yi komit shida. In na'ura ce alƙali, wa ya fi aiki? Kamar ka biya tela ne da yawan fitowarsa bakin shago miƙa kaya, ka manta da zaman da ya yi a kan keke.

Ga kuma halin da muke ciki a nan. Komit a cikin kwamfutarka yake faruwa, ko babu intanet. GitHub ba ya jin labari sai ka tura. An ɗauke wuta, sabis ya faɗi, ka ci gaba da aiki a kan batir, da yamma sabis ya dawo ka tura komit biyar a tashi ɗaya. Saƙon da GitHub zai aika wa agogon a wannan lokacin zai fita. Za ka ce ai kowane komit yana ɗauke da nasa lokacin. Gaskiya ne, amma ranar da kuka haɗe reshe, wato kwafin kod ɗin da mutum ya ware yana aiki a kai, da babban reshe ta hanyar dunƙule komit ɗin su zama ɗaya, babban reshe ba zai ƙara nuna su ɗaya bayan ɗaya ba. Lissafin kuɗin mutane bai kamata ya tsaya a kan wannan ba.

Abin da za ka riƙe shi ne lambar ishu, wato shafin da ake buɗewa a GitHub a rubuta aikin da za a yi. Kowane aiki, komai ƙanƙantarsa, a buɗe masa ishu a GitHub kafin a taɓa shi. Ya samu lamba, misali 14. Sunan reshe ya fara da 14. In an zo neman a haɗe reshen da babban reshe, a rubuta closes #14 a bayani, ranar da aka haɗe da babban reshe GitHub zai rufe ishun da kansa. A agogon ma duk lokacin da aka shigar ya ɗauki #14. Da zarar lambar nan tana ɓangarorin biyu, sauran haɗin mai sauƙi ne.

Matakin farko ma ba ya buƙatar rubuta komai. Clockify da takwaransa Toggl Track duk suna da ɗan ƙari da ake sa wa burauza. Ka sa shi, ka buɗe ishu a GitHub, za ka ga maɓallin fara agogo a jikin shafin. Ka danna, ya ɗauki sunan ishun ya fara ƙirga. Za ka tashi sallah ko cin abinci, ka tsayar. Ku uku, wannan kaɗai zai raba ku da yawancin wahalar da kake kuka da ita, kuma tsarin kyauta na Clockify ya ishe ku.

In kana son na'ura ta ƙara ɗaukar kaya, sai ka shiga GitHub Actions, tsarin da ke gudanar da aiki da kansa in wani abu ya faru a GitHub, wanda suka buɗe wa kowa a 2019. A cikin ma'ajiyar kod ɗinku ka yi fayil na YAML, irin fayil ɗin da ake rubuta umarnin a ciki, a ƙarƙashin .github/workflows. Ka ce masa: in an buɗe sabon ishu, ka kira API na Clockify, wato ƙofar da wata manhaja ke bi ta yi masa magana, ka buɗe aiki mai wannan lamba da wannan suna a ƙarƙashin kwangilar Abuja. In an rufe ishun, ka sa wa aikin alamar an gama. Layukan ba su da yawa. Ma'ajiyar da ba ta jama'a ba tana da minti 2,000 kyauta a wata, ku kuwa ba za ku ci ko kusa da haka ba. Akwai Zapier da Make, masu haɗa manhaja da manhaja, ga wanda ba ya son rubutu, akwai irinsu n8n da mutum zai iya ɗorawa a kan sabarsa, wato kwamfutar da ke zama a kunne tana karɓar saƙo. Ni dai ba zan ba ka shawarar ajiye saba a ofis don wannan ba. In GitHub ya aika wa sabar saƙo, yana jiran amsa daƙiƙa 10 ne kawai, in sabar tana kashe saboda wuta saƙon ya faɗi, kuma ba ya sake turawa da kansa sai ka shiga ka danna. Actions a kan na'urorinsu yake gudu, babu ruwansa da janaretonka.

Abu biyu ka kiyaye. Mabuɗin API, wato lambar sirrin da Clockify zai ba ka, kada ya shiga cikin kod ko sau ɗaya. Ka je saitin ma'ajiyar, wurin ajiye sirri na Actions, ka sa shi can. In wani ya yi kuskure ya tura shi, goge layin a komit na gaba ba ya cire shi daga tarihi, dole a kashe mabuɗin a fitar da sabo nan take. Na biyu, bambancin lokaci. Aikin da ka tsara ya tashi da kansa a Actions da lokacin UTC, ma'aunin lokaci na duniya, yake tafiya, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. Kana son rahoton mako ya fito ƙarfe 5 na yamma ranar Juma'a, wato 17 a ƙirgen awa 24, to 16 za ka rubuta. Kuma wani lokaci yana ɗan makara in na'urorinsu sun cika, kada ka yi wa mai kwangila alƙawarin minti.

Wani ya ambaci WakaTime a nan jiya. Yana da kyau, ana sa shi a VS Code, manhajar rubuta kod, yana lura da lokacin da kake motsi a cikin fayil ba tare da ka danna komai ba. Amma awa guda da ka yi a waya da mutumin Abuja yana canza ra'ayi, da zanen da ka yi a takarda kafin ka taɓa kwamfuta, duk ba ya gani. Ka riƙe shi don tuna wa wanda ya manta bai kunna agogo ba, ya duba ya cike da gaskiya. Masu amfani da GitLab, takwaran GitHub, kuwa a cikin gida suke da abin: ka rubuta /spend 2h a ƙarƙashin ishu, ya shiga.

Yanzu maganar da ta fi damuna, kuma kai nake yi wa ita a matsayinka na babba a ofishin. Yaran nan biyu da ke tare da kai, kada rahoton nan ya zama bulala a kansu. Ranar da suka fahimci kana ƙirga komit ɗinsu ko kana leƙa minti nawa hannunsu ya tsaya, za su koyi yanka aiki gunduwa-gunduwa don lamba ta yi yawa, za su bar agogo yana gudu su fita sayen masa. Kai ka yi asara, mai kwangila ma an ci haƙƙinsa, kuma kuɗin da ya shigo ta haka babu albarka a ciki. Ka zaunar da su ka ce musu lissafin don mu caji mutum daidai ne, kuma mu san aikin da muka ce zai ci awa 4 ya ci 11, gobe mu iya yanka farashi. Kowa shi zai danna agogonsa, kuma kafin rahoto ya tafi Abuja kowa ya duba nasa ya gyara, sannan kai ka sa hannu.

Ku fara da maɓallin burauza da lambar ishu, ku yi mako biyu a haka. In ya zauna, ka turo min fayil ɗin Actions ɗin a nan kafin ka kunna shi, amma ka tabbata babu mabuɗi a ciki. Ka gaida mutanen ofis. Sai da safe.