Amsar kawu a kan itacen akwatin kiran talotalo

Wa alaikumus salam ɗana. Saƙonka ya iso tun shekaranjiya, da na karanta sai da na yi dariya ni kaɗai har antinka ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Wai yaron da ko kaza bai taɓa yankawa ba a gidan nan shi ne yau zai shiga dajin Tenesi a Amurka neman talotalon daji, har yana so ya sassaƙa akwatin kiransa da hannunsa, yana tambayata wane itace zai sa, kuma wai ko a al'adar gidanmu akwai itacen da masassaƙi ba ya taɓawa tunda mamanka ta gaya maka kakanka masassaƙi ne. Dariyar dai ba ta daɗe ba, da na tuna akwai bindiga a cikin maganar kuma dajin mutane ne sai gabana ya ɗan faɗi. Amma bari mu bi abin a hankali.

Shi wannan akwati ai ba abin ƙasarmu ba ne, nasu ne can. Wani mutumin jihar Akanso mai suna Henry Gibson ne ya yi masa rajista a 1897, kuma har yau siffar ba ta canja sosai ba, ɗan akwati ne mai rami da bango biyu sirara, sai murfi mai mariƙi da aka ɗaure da sukuru ɗaya a ƙarshe, ka goga murfin a bakin bangon ya yi kukan macen talotalo. Toh kaga itace biyu kenan kake nema ba ɗaya ba, na jiki da na murfi, kuma a nan ne maganar kakanka take shigowa ko da yake shi bai taɓa ganin talotalon daji ba har ya koma ga Allah. Cewa yake itace biyu masu taurin kai ba sa zaman aure, dole ɗaya ya sassauta. Saboda haka jikin ka yi shi da mai sauƙi wanda ke amsa amo, irin su fofla ko jan sida ko batanot ko mahogani, murfin kuma ka sa mai tauri da nauyi, walnot ko ceri ko mafil. In itacen ya cika tauri muryar takan yi sama ta yi kaifi, mai laushi kuma yakan ba ka murya mai ɗan kaushi irin ta tsohuwar mace, wadda su maharban suka fi so. Mahoganin ma da kake gani a kantinsu, wanda suke cewa na Afirka, ɗan'uwan maɗacinmu ne, dangi ɗaya.

Ni inda na san duk wannan, lokacin da nake karatun noma a Mizuri ne wajen 1979, mamanka tana 'yar firamare. Da hutu nakan je aiki a gonar wani tsohon bature a tsaunukan Ozak, mai shanu ne, ba ya yawan magana, yana da wata rumfa a bayan gida inda ya jera katakai a saman rufi, kowanne ya rubuta masa shekarar da aka sare shi da fensir. Ran da na fara shiga na ga ya sauko da wani guntun sida ya riƙe shi da yatsa biyu ya ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa ya kara a kunne, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, domin haka Baba, wato kakanka, yake yi sak in zai zaɓi icen ganga, ya ƙwanƙwasa ya saurara, in ya ji bum a toshe ya jefar gefe yace wannan na murhu ne, in ya ji yana amsawa da ƙara mai tsawo sai ya ɗauko gizago. Na gaya wa tsohon, ya dube ni ya yi murmushi, daga ranar ya fara barina ina zama kusa da shi in yana aiki. Jikin akwatinsa da sida yake yi, wanda ya cika dajin wajen, murfin kuma da walnot ko wani itace rawaya mai tsananin tauri da suke kafa shingen gona da shi, osej, wanda in ya kwana biyu yake komawa ruwan ƙasa. Ba ya haɗa guntaye da gam, gungume ɗaya yake fafewa. In ya zo kan bangon sai ya kankare kaɗan ya gwada, ya kankare kaɗan ya gwada, har kaurin ya dawo wajen kashi 1 cikin 8 na inci, wani lokaci yini guda a kan bango ɗaya, kuma bangon hagu da na dama da gangan ba ya daidaita kaurinsu don ya samu muryar mata biyu a akwati ɗaya.

A watan Afrilu ya ce in zo mu je. Mun fita tun duhu, na yi sallar asuba a gefen motarsa yana tsaye yana jirana bai ce komai ba, sanyi kamar ya tsinke yatsu, muka hau wani tudu a ƙafa ba fitila. Da muka kai sai ya tsaya ya haɗa hannu a baki ya yi kukan mujiya, ni dai na zuba ido, can sai ga wata irin guɗa ta ɓarke daga kan bishiya a ƙasan kwari, namijin ne ya amsa daga inda ya kwana, don su a kan itace suke kwana ba kamar namu na gida ba. Ya ja ni muka zauna gindin wata ƙatuwar bishiya muka jingina baya, ya raɗa min cewa ko sauro ya cije ni kar in motsa, tsuntsun nan ba ya jin wari sosai amma idonsa da kunnensa ba dama. Baba yakan ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, to shi wannan sai daga zaune. Da gari ya fara haske ya ciro akwatin daga aljihu, ya ɗaure murfin da roba tun a gida don kar ya yi ƙara a hanya, ya kwance ya goga a hankali, kyau kyau kyau, ƙasa ƙasa kamar macen da ta farka ba ta gama wartsakewa ba. Namijin ya amsa har sau biyu a jere. Ni a raina na ce toh yanzu sai a ƙara masa, amma tsohon nan sai ya ajiye akwatin a kan ganye ya naɗe hannu. Muka ji saukarsa fafafa, sai shiru. Shirun nan ya yi tsawo har ƙafata ta mutu, rana ta fito, ina ta satar kallon akwatin shi kuwa ko a jikinsa. Daga baya ne ya bayyana min, a ɗabi'arsu mace ce ke zuwa wajen namiji in ya yi guɗa, kai maharbi so kake ka juya abin, in ka cika kira sai ya tsaya can nesa ya baza wutsiya yana jiran ta iso, in ka yi shiru kuwa sai ya damu ya taho nema. Haka kuwa aka yi, ban ji tafiyarsa ba sai wani gunji ƙasa ƙasa da na ji a ƙirjina kafin kunnena, na juya ido kawai ban juya kai ba, ga shi nan ya kumbura, fukafukai na jan ƙasa, kan nan fari da shuɗi da ja, gemu na lilo a ƙirji, gashin jikinsa na walƙiya kamar tagulla. Tsohon ya taɓa akwatin da ɗan yatsa ya yi ƙut sau ɗaya, tsuntsun ya miƙe wuya, sai ƙarar bindiga. Tun a mota na riga na roƙe shi cewa in ya faɗi da rai ya bar ni in yanka, na ruga da wuƙata na same shi yana bugun ƙasa na yi bisimilla na yanka, ya tsaya ya cire hula har na gama. Da na saɓa shi a kafaɗa sai da na ji nauyi, ya yi kilo 9 ko 10.

Abin da ke damuna da ku 'yan yanzu, komai sai ku duba a waya ku yi oda. Na ga hoton katakan da ka turo, da wannan mai ruwan shunayya da ka ce ka saya da tsada, yana da kyau a ido kuma ana yin murfi da shi, ban hana ba, amma ka ƙwanƙwasa shi ka ji? Ka tambayi yaushe aka sare shi? Baba cewa yake itacen da rana ba ta gama da shi ba kar ka sa masa gizago, zai murɗe maka bayan ka gama wahala. Ka duba jijiyar katakon ta tafi a miƙe, ba ƙulli ba tsaga. Ƙasan murfin ka ɗan lanƙwasa shi kar ya zama shimfiɗe, kuma kar ka kuskura ka shafa masa mai ko fenti ko ka riƙa taɓa shi da hannu mai maiƙo, alli kawai ake gogawa, shi ma busasshe mara maiƙo, kuma ruwa in ya taɓa shi muryar ta tafi sai ya bushe. Manyan masu sana'ar nan da suke ji da su, irin Lynch na Alabama da Neil Cost na Karolina ta Kudu, da itatuwan da kowa ya sani suka yi suna, mahogani da walnot da sida da batanot, kunne ne ya bambanta su da saura. Kuma ka je ka zauna inda matan talotalo ke kiwo ka saurare su da kunnenka kafin ka ce za ka kwaikwaye su, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, ka fara sanin kukan tukuna.

Maganar itacen da ba a taɓawa kuwa, eh akwai, tsofaffi ba sa son a sare tsamiya ko kuka, suna cewa akwai masu zama a ciki, kakarka ko kusa da tsamiyar bakin rafi ba ta bari mu je da tsakar rana. Shi Baba bai taɓa ce mana iskoki ba, cewa yake bishiyar da ke ciyar da kai ba ka kai mata gatari. Kowane ice da aikinsa a wajensa, ƙirya ta turmi da taɓarya, aduwa ta allo, alilliba ta ganga, marke na ƙota. Maharbanmu kuma su ba akwati suke yi ba, kan burtu suke sassaƙawa su rufe da fata su manna idon zakara su ɗaura a goshi, su sunkuya suna tafiya suna caccakar ƙasa har su kusanci nama. Wannan labari ne mai tsawo, sai ka zo gida in kai ka wajen waɗanda suka rage, in ma akwai sauran dajin, don inda muke zuwa da yanzu duk gonaki ne da buhunan gawayi a bakin titi.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Kai za ka zauna a ɓoye kana kukan talotalo, akwai wani maharbin da zai ji ya zaci na gaske ne ya lallaɓo. Kar ka sa komai ja ko fari ko shuɗi, ko hankici ko safa, launin kan namijin kenan. Ka jingina da bishiyar da ta fi kafaɗunka faɗi, in ka hango mutum kar ka ɗaga hannu, ka yi magana da ƙarfi ya ji muryar ɗan adam. Ka yanki lasisi, ka san ranakun da aka buɗe, kar ka taka gonar kowa sai da izininsa, ka san ƙasar da kake da kuma launin fatarka, kuma kar ka tafi kai kaɗai, ka bi maƙwabcin nan naka da ka ce ya daɗe yana yi. In za ka harba ka yi bisimilla, wuƙa mai kaifi na aljihunka, kuma abin da ka kashe a ci shi, a Risala mun karanta cewa farauta don wasa makaruhi ce.

Ka fara da fofla a jiki da walnot a murfi tunda ana samunsu a wajenku, na farko ba lallai ya yi murya ba, in ya yi ka ɗauko min a waya in ji. Mamanka ta san da maganar bindigar nan kuwa? In ba ta sani ba ka gaya mata da bakinka kafin ta ji a wajena. Ka gaida mai ɗakinka da yara.