Fumfuna ta kama hotunan kakata, in kai a liƙe su da leda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen zane na jami'ar KNUST da ke Kumasi, gidanmu yana Aboabo. Aikina na kammala karatu a kan marigayiya kakata ne: ina so in jera tsofaffin hotunanta da waɗanda zan ɗauki kaina sanye da zannuwanta. Da na buɗe adakarta sai na tarar fumfuna ta cinye rabin fuskarta a hoto biyu, ɗaya kuma ya manne da gilashi. Wani mai shagon kwamfuta ya ce in kawo ya gyara fuskar da AI, ya yi musu laminetin. Hankalina a tashe yake, ina tsoron kafin damina ta wuce sun ƙarasa lalacewa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah Ya jiƙan Hajiya. Kada ki kai masa. In kin riga kin kai, je ki karɓo yau.

Abin gaggawa kaɗan ne. Ware masu fumfunar daga sauran, ki shimfiɗa su a inuwa inda iska ke ratsawa, fuskarsu sama. In sun bushe ki kaɗe da buroshi mai laushi a waje, hancinki a rufe. Ban da ruwa, ban da sifirit, ban da goga da hankici. Wanda ya manne da gilashi kada ki ɓamɓare, fuskar za ta bi gilashin. Ɗauke shi hoto ta cikin gilashin yadda yake. Sauran kuma sai a yi musu sikanin mai launi, a saita na'urar a 600 dpi, a ajiye a TIFF (nau'in fayil da ba ya rage ingancin hoto), gaba da baya. Kada ki tura ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi yake yi.

To, maganar laminetin. Wallahi babu abin da ya kashe hotunan gidajen Zango kamarsa, har gara ba ta yi mana wannan ɓarnar ba. Mutane sun ga ana liƙe katin makaranta da takardar haihuwa, sai suka ɗauka kariya ce. Injin zafi ne yake narkar da gam ya shige jikin takarda, kuma ba ya fita har abada. Hoton da ya riga ya sha danshin Kumasi, in ka rufe shi da leda ka kulle danshin da fumfunar a ciki, ka kuma gasa fatar da hoton yake kwance a kanta. Bayan 'yan shekaru gefe ya buɗe, ruwa ya shiga, launi ya dame. Sau da yawa ana kawo mini irinsu ana roƙo in cire ledar, ni kuwa ba abin da zan iya sai ba da haƙuri. Mai shagon ya karɓi 'yan sidinsa ya manta. Bai san kayan aikin ba, bai tambayi wanda ya sani ba, amma da ƙarfin hali yake cewa "kawo, minti biyar ne". Amana ce fa aka danƙa masa, fuskar mamaci wadda babu inda za a sake samo ta.

Gyaran AI kuma ƙirƙira ne. Manhajar ba ta taɓa ganin kakarki ba. Idon wata da hancin wata take harhaɗawa daga fuskokin da aka ɗura mata. Tsagar gado da ke kumatu sai ta ɗauka tabo ne ta share, ta kuma haskaka fata. Jikoki su tashi suna nuna baƙuwa suna cewa Hajiya ce. Abin da ya fi ƙona mini rai, da zarar sabon ya fito yana sheƙi sai a jefar da na asali.

A aikinki kuwa, wannan rabin fuskar da ta tafi tana daga cikin abin da za ki nuna. Kina bincike a kan abin da zuri'a ta riƙe da abin da ya kuɓuce mata, ga shi a kan takarda. Buga shi babba yadda yake, ki sa naki a gefe. Nemi hotunan da Felicia Abban, mai ɗaukar hoto 'yar Gana, ta ɗauki kanta a gidan hotonta na Jamestown a Accra, waɗanda aka nuna a rumfar Gana a babban baje kolin fasaha na Venice a 2019, ki ga yadda zane da ɗaurin kallabi suke faɗin ko wace ce mace. James Barnor, shi ma mai ɗaukar hoto ɗan Gana, ya buɗe gidan hotonsa Ever Young a 1953, kuma don ya adana nagatif ɗinsa, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga shi, aka iya yi masa babban baje koli a Landan a 2021.

Duba bayan kowane hoto. Hatimin gidan hoto ko rubutun ajami zai ba ki shekara da gari. Kai wa tsofaffin gida su faɗa miki waye waye, ki naɗi muryarsu tun suna raye. Hoton da take ba mayafi, nemi izinin 'ya'yanta kafin ki rataye shi a bainar jama'a.

Na asalin ki sa farar takarda marar asid tsakaninsu, cikin kwali, nesa da ƙasa da bango, tare da 'yan ƙullin silika masu shan danshi. Kwafi kawai za ki kai makaranta.