Ta shigo da ƙafarta, ta fita da igiya

Yaro, ka ce wani ya kawo tsohuwar mota mai giya otomatik, ta hannu ya saya, ta ci sama da kilomita 200,000, kuma bai san ko an taɓa canza mata man giya ba. Kana tambaya ko a juye man ko a bar shi, don ka ji ana cewa sabon mai yana kashe tsohuwar giya. Da wata tambayar ce da na ce ka je ka kalli hannun na gaba da kai. Wannan kuwa ta sosa min inda yake min ƙaiƙayi, saboda haka ajiye wayar nan ka saurara.

Yadda ake ɗaga mota, da inda notin juye yake, da yadda ake tara mai a roba, ba zan ɓata bakina a kansu ba. Wanda ya yi shekara biyu a gareji bai san wannan ba, ya nemi wata sana'ar.

Sabon mai ba ya kashe lafiyayyar giya. Wadda ta riga ta mutu ce yake tona wa asiri. A cikin giyabos akwai faifan kuloci jere-jere, waɗanda muke kira faiba, kuma matsin mai ne yake haɗa su su kama juna. In mota ta shekara da shekaru da mai ɗaya, zafi ya dafa shi, faiba ta cinye, garinta ya zube cikin man. Man ya yi kauri, ya yi tsaki-tsaki, kuma wannan dattin ne yake ɗan taimaka wa faibar da ta sulɓe ta kama, yana kuma toshe ɗigon robobin da suka bushe. Ka kwashe shi gaba ɗaya ka zuba mai tsabta mai santsi, sai abin da yake riƙe da ita ya tafi. Mai mota ba zai ce giyarsa ta tsufa ba. Zai ce da lafiyarta ya kawo maka.

Ni haka aka yi min, kuma har gobe in na tuna sai na ji ɗaci a maƙogwarona.

Ban daɗe da buɗe wurina ba a lokacin. Hannuna yana da kyau, an fara sanina, ina kuma so a ƙara sanina. Wata rana da yamma, ana dab da tashi, wani mutum ya shigo da babbar mota, jikinta sumul kamar ba a taɓa hawa ba. Mutum ne mai fara'a, ya gaisa da kowa har da yaran da ke wanke noti. Ya ce tafiya zai yi gobe da sassafe, yana so a wanke giyar tas, kada a bar ko ɗigon tsohon mai. Ya ce an yi masa kwatancena ne, wai duk yankin babu mai hannuna a giya. Maganar ta shige ni.

Na taɓa bonet na ji shi da zafi rau, alamar ya daɗe yana yawo da ita kafin ya iso. Ban kawo komai a raina ba. Na ce mu ɗan zaga da ita in ji yadda take canza giya, ya dubi agogo ya ce ai lafiyarta ƙalau, sauri yake yi. Na bari. Na zaro geji, wato sandar auna man giya, man ya fito baƙi ƙirin, da kauri kamar an dama shi, yana warin ƙuna. Hancina ya gaya min gaskiya, wallahi ya gaya min. Amma ga mutum tsaye yana yabona a gaban yarana, sai na ji nauyin in ce masa ina tsoron aikin. Na kwance tiyon da yake kai mai lagireto, na tayar da inji, tsohon yana fita ina ɗura sabo, har sai da ja ya fito garau.

Muka sauke ta. Na sa ribas, shiru. Na taka totur, inji ya yi kuka, mota ba ta motsa ba. Na sa D, ta yi jim, ta ɗan ja jiki kamar mai ciwon baya, ta kai bakin ƙofa ta tsaya. Nan take fara'ar nan ta ɓace kamar an ɗauke wuta. Ya ɗaga murya ya tara min jama'a, yana nuna motar yana cewa kowa shaida ne da ƙafarta ta shigo. Kuma gaskiya ne, da ƙafarta ta shigo. Me zan ce? Tsohon man da zai zama hujjata na riga na juye shi cikin durom ɗin da muke tara baƙin mai, ya gauraye da na motoci ashirin. Ban tuƙa ta ba, ban buɗe kwanon da ke ƙasan giya inda mai yake taruwa ba, ban nuna wa kowa komai ba.

Manyan sana'a suka zauna a kan maganar. Babu wanda bai gane abin da ya faru ba a cikinsu, na gani a idonsu, amma hujja ake bi, ni kuma ba ni da ita. Aka yanke zan sa masa wata giyabos daga aljihuna. Abin da na tara na wata biyar ya tafi, na sayar da injin walda da ban gama morarsa ba, na ci bashi a kai. Da na buɗe tsohuwar giyar a kan benci, faibar ribas ta ƙone har ƙarfe yana cin ƙarfe, farantan sun yi shuɗi saboda zafi. Wannan ba ɓarnar minti talatin ba ce, ta watanni ce.

Bayan kusan shekara na haɗu da wani bakanike a wurin sayen kaya, hira ta kawo mu kan motar. Ya ce ai ya san ta. Mako biyu kafin a kawo min ita an kai masa, ya gwada ta da safe a sanyaye, ta ɗauki lokaci kafin ta shiga giya, ya gaya wa mai ita giyar ta gama, sai gyara ko canji. Mutumin ya je ya sayo irin maganin nan mai kauri da ake zubawa don rage sulɓi, ya ɗura, ya zaga da ita ta yi zafi, ya nemi matashin da yabo zai ruɗa. Da saninsa ya zo, da lissafinsa. Motar ma sayar da ita ya yi da giyar da na saya da gumina. Kuɗin na mayar da su tuni. Abin da ban mayar ba shi ne shekara biyu da aka yi ana nuna garejina ana cewa nan ne aka kashe giyar wane.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ga yadda za ka yi da motar da ke gabanka.

Ta kwana a wurinka. In mai ita ya ƙi, ya ɗauki abarsa ya tafi, ba ka yi asarar komai ba. Da safe kai za ka fara tayar da ita, yana zaune a gefenka. Taka birki ka sa ribas, ka ƙirga a zuciyarka. Lafiyayya tana kamawa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. In ta yi jinkiri sannan ta buga, ka ji, shi ma ya ji. Ku fita titi, ka saurari inji tsakanin giya da giya. In kukansa ya tashi sama amma gudu bai ƙaru ba, sulɓi ke nan, kuma babu man da yake warkar da sulɓi.

Sannan ka ɗiga man a farar takarda ka duba shi a haske. Ja ko ruwan ƙasa mai haske, babu warin ƙuna, mota kuma tana canza giya lami lafiya: juye abinka, taimakonta ka yi. Ruwan ƙasa mai duhu amma ba ta sulɓi: a juye, amma a hankali. Baƙi mai warin ƙuna ga kuma sulɓi: ɗauke hannunka, ka gaya masa gyara take buƙata. In kuwa ka gan shi ya yi fari-fari ruwan hoda kamar an zuba madara, ruwan lagireto ne ya shiga ta bututun sanyaya mai da ya fashe a ciki. Ruwa yana saki gam ɗin da ya manne faiba da ƙarfenta. Ka canza mai sau goma, in ba a canza lagireton ba aikin banza ne.

Duk abin da ka gani, ka cika ƙaramar kwalba da tsohon man ka ajiye da lambar motar a jiki. Ku yaran yanzu waya ba ta barin hannunku, kuna ɗaukar hoton fuskarku sau ɗari a rana, amma ba wanda zai tuna ya ɗauki hoton geji ko na cikin kwano. Ɗauka, a gaban mai mota.

Abin da nake nufi da a hankali shi ne, ka manta da wanke giya tas a lokaci ɗaya a tsohuwar motar da ba ka san tarihinta ba. Kwance noti ko kwano, abin da ya fito da kansa shi ne rabonka. Giyar da take cin wajen lita 8 gaba ɗaya, lita 3 ko 4 za ta ba ka, sauran yana cikin kanbata, wato tulun da ke haɗa inji da giya, da hanyoyin mai. Ka mayar da sabo, mai mota ya je ya yi yawo na mako biyu ko uku, ya dawo. In ta yi daɗi a sake. Sau uku a haka, kashi uku cikin huɗu na man ko fiye ya zama sabo, kuma dattin ya fita kaɗan-kaɗan bai taso gaba ɗaya ya je ya maƙale a balbodi, wato farantin da ke rarraba matsin mai a cikin giya, ba. Ramukan balbodi wasu ba su fi bakin allura ba. Shi ya sa ba na yarda a goge cikin kwano da tsumma mai zare, kuma yaron da na kama yana lafta gam a bakin kwano maimakon sabon gaskit, ranar zai ji ba daɗi. Gam ɗin da ya matso ciki yana gutsurewa ya bi mai.

Maganadisun da ke kwano ka karanta shi kafin ka wanke. Laushin toka-toka kamar kwalli, cin yau da gobe ne. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da za ka ji a yatsa, wani abu yana karyewa a ciki, kira mai mota ya gani da idonsa kafin ka ci gaba. Filta kuwa, in irin wadda ake cirewa ce, tunda ka buɗe ka canza. Notocin kwano ƙanana ne, da tsintsiyar hannu ake ɗaure su, wannan gefe sannan wancan, ba da ƙarfin dantse ba.

Sai maganar irin man, inda kuka fi ba ni haushi. A wurinku duk mai ja man giya ne. Jan nan rini ne kawai, an sa shi don a bambanta shi da baƙin mai in mota tana yoyo. Man Dexron III daban, Dexron VI daban kuma ya fi shi ruwa. Toyota tana da T-IV tana da WS, kuma ba a sa ɗaya a madadin ɗaya. Honda ta daɗe da Z1 kafin DW-1 ya maye gurbinsa. Ford tana da Mercon iri-iri. Giyar CVT kuwa bel ne na ƙarfe yake gudu tsakanin fule biyu, manta nata ne ita kaɗai, kamar NS-2 da NS-3 na Nissan, kuma ka zuba mata na otomatik na yau da kullum ka gama da ita. Sau da yawa sunan man yana rubuce a jikin geji ko murfi. Karantawa ce ba kwa yi.

Auna abin da ya fito, ka mayar da daidai shi, sannan ka tabbatar da geji. Yawancin motoci ana duba su ne inji yana aiki, ya yi zafi, mota a shimfiɗaɗɗen wuri, bayan ka bi da sandar giya ta kowane matsayi ka dawo P. Tsofaffin Honda sun saɓa: kashe inji ake yi a duba cikin daƙiƙa 60 zuwa 90. Waɗanda ba su da geji sam, akwai notin ambaliya, wanda rarar mai take zubowa ta cikinsa, a kwano ko a gefe, kuma sai man ya kai zafin da kamfani ya faɗa ake buɗe shi, a Toyota da yawa wajen digiri 40 ne, don haka sai ka jona kwamfuta ka gani. Kada ka ƙara rabin lita wai don kyautatawa. In ya yi yawa, abubuwan da ke juyawa suna kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuma ba ta riƙe matsi, sai ka haifar da sulɓin da babu shi da.

Gobe ka riga kowa zuwa. Kada wanda ya taɓa makullin motar nan kafin mai ita ya iso, kuma in kun dawo daga zagayen ka kawo min takardar da ka ɗiga man in shinshina da kaina.