Me Ya Sa Wasu 'Yan Mata Ke Son Auren Wuri Da Kansu?

Tambaya: Ina koyarwa a wani ƙauye mai nisa da gari. Da yawa cikin ɗalibaina mata masu shekara 14 zuwa 16 su da bakinsu suke cewa aure suke so, ba tilas aka yi musu ba. Daga ina wannan ra'ayi yake fitowa?

Amsa: Malama, yarinya takan zaɓa ne daga cikin abin da idonta ya gani. Ki duba ƙauyen da idonta: macen da ake ganin girmanta ita ce mai ɗakin kanta, wadda ake shawara da ita, ba a aikenta ko'ina. Ita kuwa tun asuba tana kan aikin gidan iyaye, ƙawayenta suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, an kuma fara tambayar uwarta ko lafiya. A irin wannan hali, in ta ce aure take so, lissafi ta yi, kuma a iya abin da ta sani lissafin bai karkace ba.

Makaranta ce ke iya sauya lissafin, amma sai in akwai ta. A wuraren da karatu ke ƙarewa a firamare, sakandare kuma sai an yi tafiya mai nisa a hanyar da iyaye ke tsoro, yarinya kan gama aji shida ta zauna. Sau da yawa barin karatun ne ke rigar auren zuwa. Binciken Bankin Duniya ya nuna kowace shekara ɗaya ta sakandare tana rage yiwuwar aure kafin shekara 18 da wajen kashi 5 cikin 100.

Karatun ma sai ta ga inda yake kai mutum. A wasu ƙauyukan da ke kewayen Delhi a Indiya, an shafe shekara uku ana tura masu sanar da mata guraben aikin ofis. Ba a yi wa kowa wa'azi kan aure ba, amma 'yan mata suka rage saurin aure da haihuwa, wasu suka shiga koyon kwamfuta. Ki kwatanta da jihar Haryana, ita ma a Indiya, inda a 1994 gwamnati ta fara ajiye wa 'ya'ya mata kuɗi da sharaɗin su kai 18 ba aure. Da aka bibiya, iyaye da yawa sun ɗauki kuɗin a matsayin tanadin hidimar auren. A ganina wannan ya isa hujja cewa kuɗi shi kaɗai ba ya sauya tunani.

Talauci kuma yana da nasa hannu. Wani bincike na 2020 ya gano fari yana ƙara auren wuri a Afirka kudu da Sahara, inda dangin miji ke biyan kuɗin aure, yana rage shi a Indiya, inda dangin amarya ke biya. Yarinyar da ke ganin mahaifinta cikin ƙunci takan ɗauki aurenta a matsayin sauke masa nauyi.

Maganar lafiya ba ta cika girgiza su ba, duk da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa matsalolin ciki da haihuwa cikin manyan abubuwan da ke kashe 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19. Wadda ta kamu da yoyon fitsari ɓoye ta ake yi, amarya kuwa kowa ya ga ranarta.

Kada a manta da samari. UNICEF, hukumar kula da yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ƙiyasta maza miliyan 115 sun yi aure suna yara, kuma saurayin da ya taso yana jin cewa ƙaramar yarinya ta fi biyayya, ita zai nema.

Don haka in ɗalibarki ta ce aure take so, kada ki fara da tsawa. Ki tambaye ta me take tsammanin samu a cikinsa: hutu, daraja, ko kuɓuta daga gori. Sannan ki gayyato wata ungozoma ko malama da ta taso a ƙauye irin nasu, ta zauna da su su yi mata tambayoyi.