Shawarar Lauya: Yayana ya rasu a Jamus, ina sulusina?

Barista, assalamu alaikum. Yayana ya rasu a Hamburg wata huɗu da suka wuce, bayan ya shekara 26 a can. Ya bar matarsa, Bajamushiya Kirista, da 'yarsu ɗaya mai shekara 15, sai mahaifiyarmu a nan Kano. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, kuma ni kaɗai ne shaƙiƙinsa. Yana da shagon kayan mota da gida a can, da wani gida a Kano da takardunsa ke hannuna. Malaminmu ya lissafa mana: 'ya rabi, Hajiya sudusi, matar ba ta da gado tunda addini bai zo ɗaya ba, sulusin da ya rage nawa ne. Zuwan marigayin gida na ƙarshe ya nuna mana wani tsohon fim ɗin barkwanci na Jamus, baƙi da fari, yana fassara mana: talaka ya kwana da yunwa, ya wayi gari da wasiƙar lauya cewa kawunsa na Amurka ya bar masa dukiya. Ya ce haka Jamusawa suke, duk inda magaji yake sai sun nemo shi. Ni har yau ba wanda ya neme ni, sai takarda mai layi uku daga lauyan matar yana neman takardun gidan Kano. Abokin marigayin ya ce in tura Yuro 3,000 ya ɗaukar mana lauya. In tura?

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan yayanka, ya ba Hajiya haƙuri da dangana. Kada ka tura kuɗin tukuna. Abin da zan faɗa ya dogara ne kan wasiƙarka kaɗai, kuma takarda guda da ke kotun Hamburg tana iya sauya wani ɓangarensa.

Na san irin fim ɗin, ba na kuma raina shi. Jamusawa sun daɗe suna wasa da labarin kawun Amurka, domin a ƙarni na 19 miliyoyinsu sun ƙetare teku neman arziki, gidaje da yawa suna da wanda ya tafi aka daina jin ɗuriyarsa, kamar yadda mu muke da kakan da ya tafi fatauci Gwanja bai dawo ba. A ganina daɗin irin waɗannan fina-finai yana wajen maƙwabta, yadda mai gidan haya da ke korar mutum jiya yake cire masa hula yau. Nan ba su yi ƙarya ba. Batun neman magaji ma gaskiya ne: idan ba a san magada ba, kotu takan naɗa wanda zai riƙe dukiyar ya bi sawunsu. Amma ka tuna da kawun cikin fim ɗin. Da wuya ka ga ya bar mata ko ɗa, don da ya bari da babu labarin. Yayanka ya bar duka biyun.

Lissafin malaminku, a ma'aunin fiƙihun Malikiyya, ban ga inda ya karkace ba. Matsalar ita ce kotun Hamburg ba da shi za ta yi aiki ba. Ga duk wanda ya rasu daga 17 ga Agusta 2015, ƙa'idar Tarayyar Turai mai lamba 650/2012 ta ce dokar ƙasar da mamaci ya saba zama ita ke raba gadonsa, ba ta ƙasar haihuwarsa ba, ba ta addininsa ba. Mutumin da ya shekara 26 a gari, da iyali da shago, da wuya a yi gardamar inda ya saba zama. Don haka kundin dokar farar hula na Jamus, wanda ke aiki tun 1900, shi ne alƙali.

Wannan kundi ya jera dangi sahu-sahu. 'Ya'ya da jikoki su ne sahun farko, iyaye da 'yan'uwan mamaci na biyu, kuma sashe mai lamba 1930 ya ce muddin akwai mutum ɗaya a sahun gaba, na baya ba ya samun ko sisi. Mace da namiji ɗaya ne, addini ba ya hana gado. Matar aure tana da rubu'i idan akwai 'ya'ya, sannan idan ba su yi wata yarjejeniyar dukiya ta daban gaban notari (jami'in da ke tabbatar da takardu a hukumance) ba, ana ƙara mata wani rubu'in. Galibi ke nan matar rabi, yarinyar rabi. Kai ba ka ciki. Abin da ya fi mini nauyin faɗa shi ne Hajiya ma ba ta ciki. Akwai wani kaso na dole da doka ta tanadar wa wanda aka cire a wasiyya, rabin abin da ya kamata ya samu, amma 'yan'uwa ba sa cikin masu shi ko kaɗan, iyaye kuma ba sa samu idan mamaci ya bar ɗa ko 'ya. Kuɗin fanshon gwauruwa da inshorar rai da aka rubuta sunan wani a kai, yawanci ba sa ma shiga lissafin gado.

Ƙofa ɗaya ta rage, ita ce wasiyya. Bajamushe ba ya da iyakar sulusi, yana iya rubuta wa wanda ya ga dama, in dai ya rubuta da hannunsa daga farko har ƙarshe ya sa hannu, ko ya yi gaban notari. Saƙon murya na WhatsApp, ko "ai ya faɗa a gaban abokansa", ba wasiyya ba ce a can. Haka kuma idan yayanka yana riƙe da zama ɗan Najeriya, yana da damar zaɓar dokar Najeriya a cikin wasiyyar. Ko ya zaɓa ma, alƙalin Jamus yana iya ƙin bin duk hukuncin da ya hana mutum gado saboda addini ko jinsi, don haka kada ka ɗora buri a kai. Sanin ko akwai wasiyya ba aikin Yuro 3,000 ba ne. Sashen gado na kotun yankin da ya zauna, da suke kira Nachlassgericht, shi ke buɗe wasiyya ya sanar da waɗanda ta shafa, sai a rubuta masa wasiƙa da sunan mamaci da ranar rasuwa. In kana son ji daga bakin lauyan can, ganawar farko da mutum irinka doka ta ƙayyade kada kuɗinta ya wuce Yuro 190, ban da haraji, in ba ku yi yarjejeniya kan wani farashi daban ba. Ka tambayi abokin marigayin sunan lauyan da yake nufi da abin da zai shigar ƙara a kai. Ban ce zai cuce ka ba, wataƙila shi ma lissafin malaminku yake bi, amma a Jamus wanda ya faɗi a shari'a shi ke biyan kuɗin kotu da na lauyan abokin gabarsa, kuma ana iya sa mai ƙara daga wajen Turai ya ajiye jingina tun kafin a fara. Ko an same ka cikin wasiyyar, ɗan'uwa Yuro 20,000 kawai ake yafe masa haraji, abin da ya haura ana cire kashi 15 cikin ɗari ko fiye, alhali 'ya ana yafe mata 400,000, mata 500,000.

Lauyan matar kuwa, gaskiya bai kyauta ba. Tsohuwar da ta rasa ɗa ba a aika wa gidanta layi uku babu ko gaisuwar ta'aziyya. Kuma ya fi ni sanin cewa ko da dokarsu ta ɗauki gidan Kano cikin gadon, takardar shaidar magaji ta Hamburg ba ta buɗe ƙofa a Kano da kanta. Fili da gida suna bin dokar inda suke, kuma a nan, bisa ga dukkan alamu, kotun shari'ar Musulunci ce za ta raba, inda lissafin malaminku zai yi aiki. Kada ka miƙa asalin takardun. Amma kada ka sayar da gidan, kada ka sauya suna, domin a wannan lissafin ma rabinsa na yarinyar ne, kuma marainiya ce.

Shi ya sa nake ganin sulhu ya fi muku. Su suna da abin da ba za ka iya taɓawa ba, ku kuna da abin da ba za su iya ɗauka ba. A rubuta wa matar ita kanta, da ladabi, ta hannun wanda take girmamawa, ko limamin masallacin da marigayin yake salla ko wani dattijo cikin 'yan gida mazauna Hamburg. A nemi Hajiya ta ci gaba da amfana da gidan ko kuɗin hayarsa iya rayuwarta, rabon yarinyar yana nan a rubuce, a kuma roƙi a ci gaba da aiko abin da yake aiko wa uwarsa. Roƙo ne, ba haƙƙi ba, a rubuta shi da harshen roƙo. Da yake yarinyar ba ta kai 18 ba, mai yiwuwa sai kotun iyali ta can ta amince da duk abin da ya shafi rabonta, don haka a sa lauya a kowane ɓangare ya duba kafin a sa hannu.

Akwai hanya ɗaya da wasiƙar cikin fim za ta iya zuwa maka da gaske, kuma ita ce na fi jin tsoro. A Jamus magaji yana gadon bashi kamar yadda yake gadon dukiya, har ya shafi aljihunsa. Idan shagon yana da bashin banki ko na haraji da ya fi ƙarfinsa, matar da 'yar za su iya zuwa kotu su ce ba sa so. Daga nan gadon ya gangaro sahu na biyu: rabi ga Hajiya, rabin mahaifinku ga 'ya'yansa, kai da 'yan ubanku in akwai. Ba sai kun ce kun karɓa ba, shiru ma karɓa ne. Mazaunin Jamus mako shida yake da shi ya ƙi, ku da kuke waje wata shida, daga ranar da kuka san ya faɗo kanku. Ƙin kuma ba a yin sa da wasiƙar hannu, sai an tabbatar da sa hannun a hukumance, misali a ofishin jakadancin Jamus da ke Abuja ko ƙaramin ofishinsu na Legas, kuma takardar ta isa kotun kafin wa'adin ya cika. Duk ranar da ambulan mai tambarin kotun Jamus ya iso gidanku, ka rubuta kwanan watan a bayansa, ka kai a fassara muku a makon, kada ka taɓa komai na dukiyar can kafin ka san nawa ake bin shagon.